Rabon Garbai

A shekarar da ta biyo bayan fara, wato 1932, wasu mutum uku sun bar ƙauyensu na kusa da Gure suka tafi cin rani a kwarin manda. Garbai ne, da matarsa Yakura, da 'yarsu Yabawa, wadda ba ta wuce shekara tara ba. Ba su da ɗa namiji, domin biyun da aka haifa bayan Yabawa sun koma tun suna goye. Ba su da raƙumi, ba su da saniya. Gero kuwa, fara ta cinye shi a gona tun bai yi ido ba, har iri bai tsira ba. Abin da suka mallaka shi ne tsohon jaki, da tabarmi, da kuma hannun Garbai, wanda duk yankin aka sani wajen dafa gishiri.

Manda gishiri ne da ake fitarwa daga ƙasa. A gindin tuddan rairayi akwai kwari mai faɗi, inda ƙasa ke yin farin ɓawo idan rani ya kama. Mata ne ke kankare ɓawon nan, su ɗauko shi a ka cikin kwanduna, su zuba a manyan matatai na ciyawa. Su ne ke jawo ruwa daga rijiya su kwarara a kai, su tari ruwan gishirin da ke ɗiga, kuma su ne ke gina ƙananan tukwanen da za a dafa shi. Maza na saro itace, su gina murhu, su jera tukwanen a ciki. Sai mai wuta, wanda ke tsayawa a bakin murhu da ludayi mai dogon mariƙi, yana ƙara ruwan gishiri a kowace tukunya yayin da yake ƙonewa, har ta cika da dunƙulen gishiri. Wutar takan ci yini da kwana, don haka masu wuta biyu ne. Garbai ke riƙe da yini, abokinsa Aisami ya karɓe shi da faɗuwar rana. In an huce a fasa tukwanen, gishirin ya fito kantu kantu.

Ranar fasa tukwane ita ce ranar rabo. Abarshi, dattijon da ke da murhun, yakan ware na sarki da nasa, sannan ya kira ma'aikata da sunansu, kowa ya amsa ya shimfiɗa tabarma. Duk abin da aka ɗora wa namiji, rabinsa ake ɗora wa mace. Na mai wuta ya fi na kowa. Yara kamar Yabawa sai ɓaraguzai. Haka aka tarar, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili. Akwai kuma wasu duwatsu da aka jera kewaye da murhun. Mace takan kawo ruwan gishiri har bakin duwatsun ta ajiye, amma ba ta tsallakawa, don an ce in mace ta riƙe ludayin gishirin zai yi ɗaci.

Garbai ya daɗe da tari, irin wanda hayaƙin murhu ke sa wa masu wuta. Rani bai kai rabi ba ya kwanta, bai kuma tashi ba. Aka binne shi a kan tudun da ke gabas da kwarin, inda rairayi ke da laushi. Da yake samari duk Nasara sun kwashe su aikin hanyar mota, tsofaffi ne suka haƙa kabarin.

Yayar Garbai, Gwaggo Mairamu, ta zo ta'aziyya daga Bune a kan takarkari. Ba muguwa ba ce, mace ce mai faɗar magana yadda take. Ranar da za ta koma ta zauna a ƙofar bukkar, ta dubi Yakura, ta dubi 'yar ƙwaryar geron da ta rage.

"Yakura, ba zan ɓoye miki ba. Yarinyar nan 'yar fari ce, tun ranar suna tawa ce, ƙanena ne ya ƙi rabuwa da ita. Yanzu ba na so in ƙara miki zafi a kan zafi. Zan dawo in rani ya ƙare. In na tarar da geron da zai kai ku kaka ku biyu, da na iri, na bar miki ita. In ban tarar ba, zan tafi da ita, ke kuma ki koma gidanku. Ba zan zuba ido jinin Garbai ya kwana da yunwa ba."

Yakura ta ce, "Na ji, Yaya."

Yabawa na bayan bukkar, ta ji komai.

Da yamma Abarshi ya zo, ya tsaya daga nesa kamar yadda ake yi wa mai takaba, ya yi magana yana kallon sandarsa.

"Matar Garbai, kin san al'adarmu. Mai wuta in ya mutu a tsakiyar rani, rabonsa na nan har a tashi, muddin wani na gidansa ya riƙe masa wutar. Na aika har garin Gidigir neman wani, ba a samu ba. Aisami kuma ba zai iya yini da kwana shi kaɗai ba." Ya zana ƙasa da sandar. "Ni dai in na hango daga nesa na ga akwai mutum a bakin murhu, ba na zuwa duba fuskarsa. Idona ya tsufa."

 Yabawa ba ta gane maganar ba, ta ɗauka ta'aziyya ce irin ta manya.

Tun daga nan rayuwa ta koma wani tsari. Da sassafe Yabawa ta bi mata zuwa can ƙarshen kwarin wajen kankarar ƙasa, ta bar uwarta zaune a bukka da tasbaha, kamar yadda mai takaba ke zama. Da magariba ta dawo ta tarar da ita a nan, ta dama kunu, idanunta jajur. Yabawa ta ɗauka kuka ne.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ke sa ƙasa rawa, Yabawa ta hau tudu da kwando a ka. Kwarin ya yi tsit, ba tsuntsu, ba iska. Fari ne ko'ina har ido ya yi ciwo. Ta waiga wajen murhu, sai ta tsaya cak.

Akwai mutum a cikin hayaƙin. Yana sanye da riga mai shuni da ta koɗe, da faci fari a kafaɗar hagu, da malafa mai karyayyen baki. Ta san rigar, ta san facin, ita ta riƙe zaren ranar da aka yi shi. Mutumin ya miƙa ludayi, ya zuba, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu a bakin murhu don ya zubar da sauran ɗigon. Haka Garbai ke yi. Sautin ya taso har kan tudun, ƙwas, ƙwas.

Kwandon ya zame daga kanta.

Balkisu, wata mace mai yawan barkwanci da ke biye da ita, ta ce, "Ke 'yar Garbai, me ya same ki? Ƙasar da muka sha wuya muka kankaro ita za ki mayar wa tudu?"

"Inna Balkisu, wane ne can?"

Balkisu ba ta ko waiga ba. "Idonki ƙasa, gishirin ba a sama yake ba."

"Rigar Baba ce."

"To, wutar wa ce?"

"Ta Baba."

"Shi ke nan kin ba kanki amsa. Kwashe ki wuce, kar rana ta soya miki 'yar ƙwaƙwalwar da ta rage."

Sauran matan suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuyar da kai, ba wadda ta dubi murhun. Wannan ya fi komai tsorata ta. Ta ce a ranta, ashe su ma sun san shi ne.

Ranar rabo ta zo. Abarshi ya kira Aisami, ya amsa. Sannan ya ɗaga murya kamar kullum ya ce, "Garbai!"

Ba wanda ya amsa. Aisami ya tashi ya shimfiɗa tabarmar Garbai, aka jera mata kantu, rabon mai wuta cikakke, babu kowa zaune a gefenta. Mutane suka yi shiru kamar suna jiran mai tabarmar ya gama ƙirga kayansa.  Daga baya Aisami ya kwashe gishirin ya kai ƙofar bukkar Yakura ya ajiye.

Haka aka yi ta yi. Kowace tsakar rana rigar na cikin hayaƙi, kowace ranar rabo a kira sunan a yi shiru. Gishiri na taruwa a bayan bukka, Yakura na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Yabawa kuwa ta soma ramewa. Ba tsoron mahaifinta take ji ba, tausayinsa ne ya hana ta sakat. Malam ya faɗa ranar jana'iza cewa Garbai ya huta. Ga shi bai huta ba. Ta tabbata saboda ita ne: ya ji abin da Gwaggo ta ce, shi ya sa yake tasowa daga rairayi mai sanyi ya koma cikin hayaƙin da ya kashe shi. Ta je kabarin da hantsi ta duba. Iska ta share wurin sumul, ba sawu ko ɗaya, sai na buzuzu.

Wata magariba ta ajiye ludayin kunu ta ce, "Inna, matattu suna gajiya?"

Yakura ta dube ta. Ba ta kiran sunan Yabawa, don kunyar 'yar fari, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba.

"Ke yarinya, wace irin tambaya ce wannan? Matattu suna wurin Allah. Masu rai ne ke gajiya. Sha kununki."

"Ƙishirwa fa?"

"Na ce ki sha kununki."

Da Garbai na da rai, Yabawa ce ke kai masa ruwa da rana, ta ajiye a bakin duwatsu ta kira shi. Tunda ya mutu ba wanda ya kai. Ta yi ta tunanin wannan har ta kasa jurewa. Washegari, da mata suka fake a inuwar goruba suna hutun tsakar rana, ta ɗauki 'yar butar duma ta cika, ta zagaya bayan tudu ta gangara.

Kwarin ya yi mata faɗi. Ɓawon ƙasa na fashewa ƙarƙashin ƙafarta, kowane taku kamar wani na biye da ita. Tana tafe tana karanta abin da ta iya na addu'a. Da ta matso, zafin murhun ya bugi fuskarta. Mai rigar ya ba ta baya. Daga kusa sai ta ga rigar ta yi masa yawa, kafaɗun sun zube, gindinta na jan ƙasa. Ta ce a ranta, kabari ya rame da shi.

Ta tsaya a bakin duwatsu. Muryarta ta fito 'yar ƙarama.

"Baba, ga ruwa."

Ludayin ya tsaya a sama. Mai rigar ya juyo a hankali. Ƙarƙashin malafar an naɗe fuska da tsumma, ido kaɗai ake gani, jajaye, masu ruwa. Hannun da ke riƙe da ludayin siriri ne, duk tabon ƙuna, da alamar inda awarwaro ya daɗe yana zama.

"Inna?"

Yakura ta waiga gabas da yamma, sannan ta janye tsumman. Girarta ta ƙone. Ta miƙa hannu ta karɓi butar, ta sha har ruwan na bin haɓarta, ta sauke numfashi.

"Allah ya yi miki albarka. Wa ya gan ki?"

"Ba kowa. Inna, ke ce? Tun farko ke ce?"

"Ni ce."

"Baba fa?"

"Yana inda aka kwantar da shi."

Yabawa ta durƙushe a kan duwatsun ta fashe da kuka, irin kukan da ke zuwa in an sauke wa mutum kaya. Yakura ba ta iya barin wutar ba. Ta ci gaba da zuba ruwan gishiri tukunya bayan tukunya, tana magana ba tare da ta juyo ba.

"Yi shiru haka nan. Shekara nawa ina ajiye masa ruwan gishiri a nan ina kallon hannunsa, ai ko jaki ne ya koya. Tashi ki koma. Kuma ki ji ni da kyau, ba ki ga kowa ba. Kar ki faɗa wa kowa."

"Don me?"

"Don na ce. Tukunyar can za ta ƙone, tafi."

Yabawa ta koma da gudu, jikinta sakayau. A zatonta ita kaɗai ta san sirrin, sauran mutane duk suna cikin tsoron fatalwa kamar yadda ta kasance. Ta ɗauka takaba ce kawai ta sa uwarta ɓuya. Ta riƙe bakinta, amma abin na cinta. Duk sanda ta hango rigar daga tudu, sai ta ji kamar ta yi ihu ta ce ku duba, Innata ce.

A ranar rabo ta gaba wani falke ya iso daga Damagaram da jakunansa, sunansa Alhasan. Mutum ne mai fara'a da son hira. Ya ɗauki kantu ɗaya daga na yinin, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya gutsuri kaɗan ya ɗora a harshe.

"Kai, Abarshi! Wannan gishiri ya yi. Ga tauri, ga daɗi, ba ɗaci ko kaɗan. Tun daga Gure nake ɗanɗanawa ban ci karo da irinsa ba. Hannun wa ne?"

"Wutar Garbai ce," in ji Abarshi.

"Ina yake in ba shi goro?"

 Wani mai saran itace da ake kira Ɗan Talata ya ce, "Ai Garbai ya riga mu gidan gaskiya."

"Allah ya jiƙansa. To, wa ya dafa wannan?"

"Shi ɗin dai," in ji Ɗan Talata, yana danne dariya. "Mu nan matattunmu ba sa zaman banza. Tunda ya mutu ma hannunsa ya ƙara kyau, ga shi ba ya tari, ba ya neman taba."

Maza suka yi dariya ƙasa ƙasa. Alhasan ya dube su, ya ga alamar akwai abin da ba a so a tona, shi ma ya yi murmushi ya bar zancen. Abarshi ya yi gyaran murya ya soma kira. Aisami ya amsa. Sannan ya ce, "Garbai!"

"Ku daina kiransa!"

Kowa ya waiga. Yabawa ce tsaye a cikin mata.

"Ku daina kiran Baba, ya mutu, yana hutawa. Ba shi ba ne. Inna ce ke dafawa. Na gan ta da idona, duk hannunta ya ƙone. Ita za a ba goron."

Ta faɗi haka tana jiran mutane su yi mamaki, su yi murna an rabu da fatalwa. Ba wanda ya yi mamaki. Aisami ya rufe fuska da tafin hannu. Balkisu ta ce a hankali, "Wayyo, 'yar nan." A nan ne Yabawa ta soma gane ashe kowa ya sani.

Abarshi ya yi ƙoƙari. "Yarinya ce, rana ta buge ta. Marainiya ce, ku yi mata uzuri."

Amma magana ta riga ta fita a gaban baƙo. Alhasan ya ajiye kantun da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a riga.

"Mace ce a bakin murhu? To, Abarshi, ni ba ruwana da al'adarku, amma in labari ya kai kasuwa ka san yadda masu saye suke. Dama na ji ɗan ɗaci daga ƙarshe."

"Yanzu ka ce babu," in ji Aisami.

"Daga ƙarshe na ce."

Ɗan Talata ya daina dariya. Ya ce, "Baba Abarshi, mu mun yi shiru ne don darajar mamaci. Rabon Garbai ba mu da ja a kansa. Amma tunda an faɗa a fili cewa aikin mace ne, ba za a ɗora wa mace abin da ya fi nawa ba. Gobe sai matata ta ce ita ma a ba ta."

"In ta ce, ta yi ƙarya?" Balkisu ce, ta miƙe tsaye. "Wa ke ɗauko ƙasar? Wa ke jan ruwan? Kai Ɗan Talata, itace nawa ka saro jiya kafin ka kwanta gindin goruba kana minshari? In an ba Yakura cikakke, mu ma a cika mana, mun daɗe muna jira."

Wasu matan suka ce haka ne. Balkisu gaskiya ta faɗa, kuma don Yakura ta faɗe ta, amma ita ce ta rufe ƙofar. Abarshi ya dubi matan, ya dubi mazan, ya dubi falken. Da mutum ɗaya ne zai iya kau da kai. Yanzu kuwa abin ya zama na kowa. Ya sunkuya da ƙyar, kamar wanda bayansa ke ciwo, ya soma kwashe kantu daga tabarmar Garbai yana mayarwa cikin tulin maza, har abin da ya rage ya zo daidai da na Balkisu. Sannan ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya kira da murya ƙasa.

"Yakura."

Wannan ne karo na farko tun mutuwar Garbai da aka kira sunanta a wurin rabo. Tana bukka, ba ta ji ba. Yabawa ce ta kwashi gishirin, kuma ta iya ɗaukarsa ita kaɗai.

Ta tarar da uwarta zaune, labari ya riga ta isa. Ta ajiye kayan ta tsaya, tana jiran duka ko faɗa. Yakura ta dube ta, ta dubi gishirin, sannan ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta soma kakkaɓe mata farar ƙasar da ke kanta.

"Inna, na ɗauka ba su sani ba."

"Na sani."

"Na ɗauka za su ji daɗi."

"Ba ƙarya kika yi ba. Laifina ne da ban zaunar da ke na gaya miki ba. Na ga kamar kin yi ƙanƙanta."

Da yamma Abarshi ya sake zuwa ya tsaya daga nesa da sandarsa. Ya ce har yanzu ba a samu namijin da zai riƙe yinin ba, in ta yarda ta ci gaba, a kan rabon mace. Ya ƙara da cewa, yana jin nauyin maganar, ta riƙa sa rigar da malafar kamar da, saboda fatake masu hangowa daga hanya.

Yakura ta ce, "To."

 Rabon mace ya fi babu.

Ta riƙe wutar har ƙarshen rani. Gishirin bai yi ɗaci ba, bai fashe ba, fatake suka yi ta saye suna yabon murhun Abarshi. Yabawa ke kai mata ruwa kullum, a fili yanzu, ta ajiye a bakin duwatsu. Wani lokaci in ta hango rigar daga tudu cikin rawar zafi, gabanta yakan faɗi kamar ranar farko, ko da yake ta san wadda ke ciki.

Da gajimare suka soma haɗuwa ta gabas aka kashe murhu. Yakura ta ɗora gishirinta a jaki ta kai kasuwar Gure ta musanya da gero. Gero na da tsada a shekarar. Ta auna, ta sake aunawa, ta ware na iri. Abin da ya rage zai kai baki ɗaya kaka, in an yi ta tsimi. Da an ci gaba da kiran Garbai har ƙarshe, da ya kai biyu.

Gwaggo Mairamu ta zo kamar yadda ta ce. Ta zura hannu cikin taikin geron har gwiwar hannu, ta zaro, ta girgiza kai. Yakura ba ta roƙe ta ba. Ta wanke wa Yabawa zanenta, ta yi mata kitso, ta ɗaure mata ɓaraguzan gishirin da ta tara duk ranin a cikin tsumma, don nata ne, ita ta yi aikinsu.

Da hantsi aka ɗora Yabawa a bayan Gwaggo a kan takarkari. Yakura ta riƙe ƙafarta tana bin su har bakin hanya.

"Ki yi wa Gwaggonki biyayya. Ki riƙa cin abinci. In Allah ya ba mu damina zan zo in gan ki."

"Ki zo ki ɗauke ni?"

"In gan ki," in ji Yakura, ta saki ƙafar.

Hanyar Bune ta bi ta gefen kwarin. Mutane duk sun watse, bukkoki sun zama kango, murhun ya yi baƙi ya huce. A kan wani turke kusa da duwatsun an rataye rigar mai faci da malafar, domin Abarshi ya roƙa a bar masa su, ko baɗi ma ba za a samu namiji ba. Iskar damina ta shiga rigar ta cika ta, hannuwan suka ɗaga kaɗan suka sauka. Gwaggo ta kau da kai tana salati. Yabawa ba ta kau da nata ba, ta yi ta kallo har tudu ya tare.

Ba ta ƙara jin tsoron rigar ba. Abin da ta gane a ranar shi ne, a kwarin nan an yarda a biya mutumin da ya mutu cikakken rabo a kan aikin da bai yi ba, amma ba a yarda a biya uwarta, wadda ke da rai kuma ta yi aikin, fiye da rabon mace ba.